Gargaɗi: Kada A Jira Wata Madatsar Ta Ɓalle

Jama'ar da ke zaune a ƙasan madatsun ruwa, daga Wudil zuwa Haɗejiya, Nguru da Gashuwa, ku saurara da kyau. Ruwan da kuke noma da shi, wanda kuma zai iya cinye gidajenku a dare ɗaya, har yau babu wata hukuma mai cikakken ikon doka da ke tsara makomarsa ta shekara ashirin ko talatin masu zuwa.

Ƙudirin dokar albarkatun ruwa na ƙasa, wanda ya tanadi kafa irin wannan hukumar, ya sha ƙasa a majalisa a 2018, aka dawo da shi a 2020 da 2022, Majalisar Dattawa ta sake watsi da shi a Yunin 2023. Masu adawa sun ji tsoron gwamnatin tarayya za ta ƙwace bakin koguna daga jihohi, wasu ma suka ce hanya ce ta ba makiyaya filaye. Tsoron yana da tushe, amma an binne tsarin gaba ɗaya tare da rigimar.

Ga abin da rashin tsari ya jawo. Tun gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yadda ake sakin ruwa ya sauya fadamun Haɗejiya da Nguru, ciyawar kacalla ta toshe magudanai, gonaki suka koma tafkuna, wasu garuruwan kuwa suka bushe. Madatsar Dasin Hausa da aka ce za ta tare ruwan madatsar Lagdo daga Kamaru ba a gina ta ba, ambaliyar 2022 kuma ta kashe mutane fiye da 600. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri, shekara talatin bayan ta yi irin haka a 1994.

Don haka, kafin damina ta kankama, masu unguwanni da shugabannin manoma da masunta su je ofishin hukumar raya kogin yankinsu su nemi jadawalin sakin ruwa a rubuce. Ku tambayi ɗan majalisarku matsayinsa kan ƙudirin. In ya dawo zaure, ku dage a bar wa jihohi filayensu, a wajabta binciken lafiyar kowace madatsa duk shekara tare da bayyana sakamakon, a kuma ba mutanen ƙasan kogi kujera a cikin hukumar da zai kafa. Wanda gidansa ke kan hanyar ruwa, kada ya jira sanarwar rediyo kafin ya san tudun da zai kai iyalinsa.