Mai Shayi, Mai Tireda da Littafin Bashi a Sabbin Unguwannin Kano

Da an sallame sallar Asuba, wutar farko da ake gani a layinmu ta mai shayi ce. Kafin gari ya gama wayewa ya jera gwangwanayen madara da na Milo, ya ɗora burodi a gefe, ga kiret ɗin ƙwai, ga kwalin Indomie, ruwa na tafasa a kan gawayi. Leburori masu jiran a kira su wurin gini su ke fara cika benci. Sai direbobin A Daidaita Sahu, sai ɗaliban Jami'ar Bayero da ke haya a nan Rijiyar Zaki saboda kusancinta da sabuwar jami'a. Mai ƙarfi ya ce a haɗa masa mai kauri a soya ƙwai biyu. Wanda aljihunsa ya yi sanyi ya ce a ba shi ruwan bunu, wato shayi ba madara, ya tsoma burodinsa ya tashi. Mai shayi yana sheƙa shayin daga kofi zuwa kofi don ya huce, idonsa na kan kowa, ya san wanda ya biya, ya san wanda ya ce "a rubuta".

Wannan kalma ta "a rubuta" ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na daɗe ina ganin duk mai son sanin yadda talakan Kano ke kai bakinsa ga abinci, gara ya duba ɗan littafin da ke ƙarƙashin teburin mai shayi da na mai tireda da ya duba takardun kasafin kuɗi.

Bari mu fara da unguwar kanta. Cikin ganuwa an gina shi da kasuwanninsa. Kurmi tana nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ga Rimi, ga ƙananan kasuwanni a ƙofofi, kuma kusan kowane gida da zaurensa inda maza ke zama su ci tuwon dare tare. Unguwannin da suka taso daga baya labarinsu dabam ne. Yawancin Rijiyar Zaki da Kurna a ƙaramar hukumar Ungogo, da Sheka da Gaida da Ɗanbare a Kumbotso, gonaki ne da aka yanka filaye da awon igiya. Mai gona ya sayar, dillali ya auna, kowa ya kafa tubalinsa. Wanda ke yanka gonar gado don ya sami kuɗi ba ya ware fili ya ce nan kasuwa ce. Gidajen ma an daina yi musu zaure, sai get da katanga. Amma dole mutane su ci, dole kuma su sami wurin zama su yi hira. Sai gaban gidaje ya koma shaguna, majalisa ta tashi daga zaure ta koma bencin mai shayi.

Cefanen da uwargida ke aiken yaro ya yo a bakin layi ya yi doguwar tafiya kafin ya iso. Mai kayan miya ya yi sammako zuwa 'Yankaba a titin Haɗeja, inda ake sauke kayan gwari. Da rani tumatirin daga gonakin Kadawa da Kura da Garun Malam yake fitowa, waɗanda ruwan madatsar Tiga ke shayarwa, shi ya sa yake araha a lokacin, da damina kuma ya yi tsada har a koma kauɗa da na leda. Mai awo yana saro masara da gero da wake a Dawanau, kan hanyar Katsina. Mai tireda kuma kasuwar Singa yake zuwa, ya ɗauko sukari da fulawa da taliya da man girki da sabulu. Lemo da ayaba da kankana daga 'Yan Lemo a Na'ibawa. Kowane kaya sai an biya masa ɗan dako, an biya A Daidaita Sahu, kafin ya shigo lungun da mota ba ta son shiga idan an yi ruwa.

Da kaya sun iso sai a fara rarraba su. Kwandon tumatir ya koma kashi-kashi. Buhu ya koma kwano, kwano ya koma gwangwani. Jarkar mai ta koma kwalba, kwalba ta koma ƙulli a farar leda. Har ƙullin gishiri da na barkono da na sukarin koko ɗaya akwai. Wani zai ce rashin tsari ne ya hana magidanci ya yi awon wata guda ya huta. Ba haka ba ne. Kafinta da ɗan dako da mai faci kullum suke samu, kullum kuma suke bayar da kuɗin cefane, abin da yini ya bayar shi za a ɗora a murhu. Ko da mutum ya sami kuɗin kwandon tumatir, ina zai ajiye shi a unguwar da wutar lantarki ke zuwa kamar baƙuwa? Shagon bakin layi shi ne rumbunsa, shi ne firjinsa.

Sai dai wannan sauƙi yana da tsada. Duk lokacin da aka raba kaya, mai rabawa sai ya ɗora ribarsa da kuɗin leda da asarar abin da ya ruɓe. Idan ka tara ƙullin man da gida ɗaya ya saya a wata ka auna shi da kwalba, za ka tarar sun biya fiye da abin da mai sayen jarka ya biya. Wanda ya fi kowa rashi shi ya fi kowa sayen abinci da tsada, kuma ba don mai tireda mugu ne ba.

Teburin mai shayi kuwa yana da wani sirri da masu zama a kansa ba su cika lura da shi ba: kusan duk abin da ke kansa da dala aka sayo shi. Burodi da Indomie alkama ce, kuma mafi yawan alkamar da ake ci a Najeriya daga waje ake shigo da ita. Garin madara ma haka. Sukari ɗanyensa ake kawowa, akasari daga Brazil, a tace shi a Legas. Ganyen shayin kansa, in ban da ɗan abin da ake nomawa a tsaunin Mambila a jihar Taraba, baƙo ne. Ƙwai ne kaɗai ɗan gida, shi ma farashinsa na bin na masara da waken suya da ake ciyar da kaji. Don haka da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, aka kuma saki naira a watan Yuni, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024, bencin nan ya ji a jikinsa nan take. A watan Yunin 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Mu a layinmu ba mu jira hukuma ba. Mun gani a yawan masu cewa ruwan bunu, da yadda burodi ya riƙa ƙanƙancewa a cikin ledarsa.

A nan ne littafin bashi ya shiga uku. Mai tireda ba shi da jarin da ya wuce abin da kake gani a kan katakonsa. A ce ya ba malamin makaranta kayan naira dubu goma a farkon wata, aka biya shi cif a ƙarshen wata. Ya koma Singa ya tarar kayan sun koma dubu goma sha ɗaya. Ba a ci masa ko kwabo ba, amma jarinsa ya ragu. To ina ga wanda aka yi wata uku ana ce masa "albashi bai shigo ba", ko wanda mai bashinsa ya sauya hanya, ya koma bi ta bayan layi? Banki yana karɓar ruwa da jingina. Shi wannan bawan Allah jinginarsa ita ce kunya da maƙwabtaka, ku haɗu a sahu ɗaya sau biyar a rana. Na ga shaguna a unguwarmu da aka wayi gari katakon ya koma rabi, daga nan sai kwalaye marasa komai da aka jera don rufin asiri, daga nan sai kwaɗo a ƙofa.

Duk da haka su ne suka riƙe unguwa a farkon 2023, lokacin da canjin kuɗi ya sa takardar naira ta ɓace. Mutum da kuɗinsa a banki amma ba shi da na ƙosai, masu POS na sayar da naira da naira, tiransifa kuma ta tafi ta maƙale a hanya. Gidaje da yawa da "a rubuta" suka ɗora tukunya makonni. Kwatanta wannan da babban kanti. Shoprite ta buɗe a Ado Bayero Mall da ke titin Gidan Zu a 2014, mutane suka yi ta tururuwa, wasu don saye wasu don kallo da ɗaukar hoto. A watan Janairun 2024 ta rufe reshen nata na Kano. Ban ji gida ɗaya a layinmu da ya kwana da yunwa saboda haka ba. Amma ranar da mai tiredanmu ya tafi garinsu jana'iza ya yi kwana huɗu, kowa ya san ba ya nan.

Kada a ce na mayar da su waliyyai. Akwai mai shayin da bokiti ɗaya yake ɗauraye kofuna a ciki tun safe har hantsi, ruwan ya koma kalar shayin. Akwai mai awon da ya bubbuge gindin kwanonsa. Akwai kuma ƙorafin da matan aure suka daɗe suna yi, kuma suna da gaskiya: maigida ya bar kuɗin cefanen da ko mahaɗi ba zai saya ba, da daddare ya zauna a benci a soya masa Indomie da ƙwai uku, ya goge baki ya shiga gida ya ce ya ƙoshi. Su matan ma ba a zaune suke ba. Koko da ƙosai da awara da ɗan wake da ake karyawa da su a unguwa daga cikin gidaje suke fitowa, da jarin adashi. Abin da ke damuna a nan shi ne yarinyar da ke ɗauke da tiren a lokacin da ƙawayenta ke aji.

Abu biyu nake roƙo. Hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, ta daina bari a yanka gona ɗari-ɗari ba tare da an ware filin kasuwa ba, domin kasuwa a kusa tana rage hannuwan da kaya ke bi da kuɗin motar da ake ɗora musu. Unguwannin da ake yankawa yanzu a hanyar Gwarzo da ta Madobi ba su makara ba tukuna.

Na biyun kuma naka ne, mai karatu, in sunanka na cikin littafin nan. Idan albashi ya shigo ko ciniki ya faɗa, kafin ka sa data, kafin ka biya kuɗin anko, ka bi ta gaban layi ka ce a buɗo shafinka a soke. Gobe da sassafe mai tireda zai tafi Singa, kuma can ba a rubutawa.