Bayanin Ɗaukar Hoton Tsuntsaye a Tafkunan Ƙasar Daura

Kun san ƙasar Daura ƙasar rairayi ce, daminarta wata uku ce zuwa huɗu, daga nan sai rani. Saboda haka duk inda ruwa ya kwanta har ya kai bazara, nan ne mahaɗar tsuntsaye. Madatsar Daberam da ta Sabke su ne manya, bayansu kuwa akwai tafkuna da fadamu nan da can. Wanda ya yi sammako zuwa bakin ruwa ya ga balbela da zalɓe suna kiwo, ya ji kukan kirinjijiya, watakila ma ya yi katari da dinya.

Waɗannan 'yan gida ne. Amma akwai baƙi. Shamuwa takan iso da gabatowar damina, ta yi sheƙa cikin gari, in kaka ta yi ta koma kudancin Afirka. Tana tafiya sai waɗansu agwagin ruwa da ƙananan tsuntsaye masu dogon ƙafa su sauko daga Turai da Rasha, su ƙetare Sahara, su yi hunturu tare da mu, su juya wajen Maris.

Turawa sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke ɓacewa da sanyi ba. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa a ƙasar Jamus, sai ga mashin Afirka soke a wuyanta, ta taso da shi tun daga nan. Tana nan ajiye har yau a jami'ar Rostock. A 1899 wani malamin makaranta a Danmak ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, don a san hanyarsu. Dā sai an kashe tsuntsu ko an kama shi kafin a karanta zoben. Yanzu hoto mai kyau yakan wadatar in zoben babba ne, tsuntsun kuwa ya tashi abinsa.

To, ga fa'idar aikin. Tsofaffi suna ba da labarin gauraka garke garke a fadamu. Yau ta kusa ƙarewa a dajin Nijeriya, saboda kamu da ake yi mata ana kai ta gidajen masu hali, da kuma bushewar makwancinta. In wani ya ce ya gan ta a Sabke, sai a yi ta musu. In ya nuna hoto, da kwanan wata da sunan wurin, gani ya kori ji. Da irin wannan shaida masana ke gane abin da ya ragu da abin da ya ɓace.

Dubi maƙwabtanmu na gabas. Fadamar Haɗeja da Nguru ta shahara a duniya saboda tsuntsaye, har mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Filib, ya ziyarci Dagona a 1989, a 2000 kuma aka shigar da tafkin Nguru cikin wuraren da yarjejeniyar Ramsar ta 1971 ke kiyayewa. Duk da haka, tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ambaliya ta ragu, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. An gane girman hasarar ne domin akwai masu ƙidaya suna rubutawa shekara da shekara. Ruwan da ba a ƙidaya tsuntsayensa ba, ko sun ƙare ba mai iya cewa ga abin da aka rasa.

Sai yadda ake yi. Da fari ka gai da mai unguwa, ka gaya wa masunta da masu lambu abin da ya kawo ka, gama baƙo da na'ura a bakin ruwa abin tuhuma ne, su ne kuma suka san inda tsuntsu ke kwana. Ka isa da asuba ko da la'asar sakaliya, rana tana bayanka, domin hasken tsakar rana yakan ƙone farin tsuntsu cikin hoto. Ajiye farar riga a gida, ka sa mai launin ƙasa. Maharbanmu sukan ɗaura kan burtu a goshi, su yi rarrafe har su kusanci nama. Kai ba ka bukatar wannan, amma ka ari haƙurinsu. Nemi gindin itace ka zauna, kada ka motsa, tsuntsun da kansa zai matso.

Mai babbar kyamara ya sa mata madubi mai jawo nesa, na milimita 300 ko 400. In tsuntsu yana tashi, ƙiftawar kyamara kada ta wuce kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa, in ba haka ba fikafikan su fito dishi-dishi. Saita a kan idon tsuntsu, ka durƙusa ka yi daidai da shi. Mai waya kuwa ya haɗa idonta da madubin hangen nesa, ya dogara gwiwar hannunsa bisa wani abu. Ƙurar hunturu maƙiyiyar madubi ce, a rufe shi da ƙyalle in ba a aiki.

Akwai hani guda uku. Kada ka yi jifa don tsuntsaye su tashi ka sami hoto, gama wanda ya ƙetaro hamada ƙarfinsa kaɗan ya rage. Kada ka kusanci sheƙa, uwa takan gudu rana ta kashe ƙwai. Kada ka shiga kwantaccen ruwa ba takalmin roba, saboda tsargiya.

Hoto kuma kada ya tsaya cikin waya. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos tana tattara irin wannan labari daga ko'ina cikin Nijeriya, kowane Janairu kuma ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashen duniya. Muna roƙon malaman makarantun Daura da Mai'aduwa da Sandamu da Zango da Ɓaure su fita da yara ko sau ɗaya a hunturun bana, su ɗauki hoto, su tambayi dattawa sunan kowane tsuntsu da Hausa, su rubuta a littafi su ajiye.