Daga Audrey Hepburn zuwa Madhubala: Dalilin da ya sa adon jaruman tsofaffin finafinai ya ƙi barin yayi

A watan Disambar 2006, kamfanin gwanjo na Christie's da ke Landan ya sayar da wata baƙar doguwar riga a kan fam 467,200. Rigar ba ta da aiki a wuya, ba ta da duwatsu. Darajarta ita ce tana cikin waɗanda aka ɗinka wa Audrey Hepburn domin fim ɗin Breakfast at Tiffany's na 1961. Bayan shekara biyar, a 2011, an yi gwanjon farar rigar da Marilyn Monroe ta sa a fim ɗin The Seven Year Itch na 1955, aka saye ta dala miliyan 4.6.

Yayi abu ne mai saurin wucewa, amma suturar wasu jarumai mata na tsakanin 1950 da 1970 ta shekara fiye da sittin ana kwaikwayonta, a Amurka da Turai da Indiya da sauran ƙasashen da finafinansu suka shiga. Idan aka bi tarihin kowace riga, za a tarar cewa an ƙirƙire ta ne domin magance wata matsala a gaban kyamara, kuma akwai mai tsara sutura a bayanta wanda sau da yawa sunansa bai yi nisa kamar na jarumar ba.

Yadda ake ƙera tauraruwa

A wancan zamanin manyan kamfanonin Hollywood, irin su MGM da Paramount, kan ɗauki jaruma da yarjejeniyar da ke kai shekara bakwai. Kamfani ne ke yanke fim ɗin da za ta fito, da irin gyaran gashinta, wani lokaci har da sunan da za ta amsa. Kowane kamfani yana da sashen ɗinki mai ɗimbin teloli da masu zane, aikinsu shi ne su nazarci jikin jaruma, su gano abin da ya kamata a fito da shi da wanda ya kamata a rufe.

Kyamarar ma tana da nata sharaɗi. A fim na baƙi da fari launi ba ya aiki, don haka yankan riga da tsayuwarta a jiki su ne ke isar da saƙo ga mai kallo. Wannan ya tilasta wa masu zane su koma ga siffa mai sauƙi wadda ido zai kama nan take. Irin wannan siffa ce tela na kowace unguwa zai iya kwaikwaya daga hoto guda, kuma shi ya sa ta yaɗu.

Rigar Sabrina da jayayyar da ta bari

A 1953 Audrey Hepburn ta je birnin Paris wurin wani matashin mai tsara sutura, Hubert de Givenchy, domin neman kayan da za ta sa a fim ɗin Sabrina. Givenchy ya ɗauka Katharine Hepburn ce za ta zo, wadda ta riga ta yi suna. Da ya ga wata siririyar yarinya, sai ya ce ba shi da lokacin yi mata sabon ɗinki, ta zaɓa daga abin da ke ƙasa. Daga nan aka ƙulla abotar da ta ɗore har rasuwarta a 1993.

A fim ɗin ne aka ga rigar nan mai miƙaƙƙen wuya daga kafaɗa zuwa kafaɗa, wadda ke rufe ƙasusuwan wuyan jarumar. Har yau masu ɗinki a Turai na kiran wannan yanka da sunan Sabrina. Sai dai da fim ɗin ya fito a 1954, ba a rubuta sunan Givenchy a cikinsa ba. Edith Head, shugabar sashen sutura ta Paramount, ita ta karɓi lambar yabo ta Oscar, ɗaya daga cikin guda takwas da ta samu a rayuwarta. Masana tarihin sutura na ci gaba da jayayya kan wanda ya zana wace riga a fim ɗin. A Funny Face na 1957 an gyara kuskuren, aka rubuta sunansa.

Labarin Grace Kelly ma haka yake. Rigar da ta sa ranar aurenta da Yarima Rainier na Monaco a watan Afrilun 1956, mai dogon hannu na leshi da rufaffen wuya, Helen Rose ta kamfanin MGM ce ta tsara ta, kamfanin kuma ya ba ta kyauta. Lokacin da Kate Middleton ta auri Yarima William a 2011, jaridu da dama sun kwatanta rigarta da waccan. Jakar hannun da aka ɗauki hoton Grace Kelly tana kare cikinta da ita a 1956 kuwa, kamfanin Hermès ya raɗa mata suna Kelly a hukumance a 1977, kuma tana cikin jakunkuna mafi tsada a duniya.

Abin da Bombay ta yi da nata

A daidai wannan lokacin masana'antar finafinan Indiya da ke Bombay, wato Mumbai ta yanzu, tana cikin ganiyarta, kuma tana kallon abin da ake yi a Hollywood. Daraktan Love in Simla na 1960, R.K. Nayyar, ya ga sabuwar jarumarsa Sadhana tana da faɗin goshi. Sai ya ba da shawarar a yanke mata gashin gaba ya zubo kan goshin, kamar na Audrey Hepburn. Dabarar rufe goshi ta zama yayi a duk faɗin Indiya, 'yan mata suka riƙa zuwa wurin gyaran gashi suna neman a yi musu yankan Sadhana, sunan da bai ɓace ba har yanzu.

A shekarar ce kuma K. Asif ya fitar da Mughal-e-Azam, labarin soyayyar Yarima Salim da wata mai rawa a fadar Sarki Akbar, Anarkali. Madhubala ce ta fito a matsayin Anarkali. An ɗauko teloli daga Delhi, masu aikin zare daga Surat, maƙeran zinariya daga Hyderabad. Rigar da suka yi mata ta kama jiki daga kafaɗa zuwa ƙasan ƙirji, sannan ta buɗe sosai zuwa ƙasa, domin idan ta juya a cikin rawa rigar ta baje kamar laima. Irin wannan sutura ta samo asali tun zamanin daular Mughal, amma fim ɗin ne ya dawo da ita kasuwa. Madhubala ta rasu a 1969 tana da shekara 36 sakamakon ciwon zuciya. Rigar Anarkali kuwa har gobe amare na sa ta a Indiya da Pakistan.

Mace ɗaya ce ke bayan wasu fitattun yayin guda biyu, wato Bhanu Athaiya. Ita ta tsara matsattsiyar riga da tsukakken wando da Sadhana ta sa a Waqt na 1965. Ita ce kuma ta warware matsalar Mumtaz a Brahmachari na 1968. Jarumar za ta yi rawa mai sauri, sari kuwa naɗa shi ake yi, yana iya kwancewa. Athaiya ta ɗinke naɗin tun kafin a sa, hawa-hawa, ta maƙala zif a gefe. Sarin mai ruwan lemo ya zama abin da ake kira sarin Mumtaz, kuma yana cikin na farko-farko a jerin ɗinkakkun sari da ake sayarwa a yau.

Yadda abin ya iso ƙasar Hausa

'Yan kasuwa Labanawa masu gidajen sinima ne suka fara kawo finafinan Indiya arewacin Najeriya a shekarun 1950, kuma ba a daɗe ba suka sha gaban na Amurka da Ingila a wurin 'yan kallo. Mother India na 1957, wanda Nargis ta ja ragamarsa, ya shekara da shekaru ana maimaita shi a gidajen sinimar Kano. Masanin nan Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya nuna cewa sutura na cikin abubuwan da suka jawo wannan karɓuwa: maza da dogayen riguna, mata da mayafi a ka, ga kunya tsakanin saurayi da budurwa. Bahaushe ya ga abin da ya yi kama da gidansu, saɓanin abin da ya gani a finafinan Turawa.

Da yake a al'adance matan aure da 'yan matan gida ba sa zuwa sinima, akasarinsu sun san waɗannan jarumai ne daga baya, ta talabijin da kaset ɗin bidiyo. Da finafinan Hausa suka kankama a shekarun 1990, sun ɗauki tsarin rawa da waƙa da sauya kaya a tsakiyar waƙa daga can, lamarin da ya jawo muhawarar da ba ta ƙare ba tsakanin masu shirya fim da malamai da hukumar tace finafinai.

Sunan da ke ɓacewa

Kusan duk waɗannan yayin suna ɗauke da sunan jaruma ko na rawar da ta taka: Sabrina, Kelly, Sadhana, Anarkali, Mumtaz. Babu ko ɗaya da ke ɗauke da sunan wanda ya riƙe almakashi. Farar rigar Marilyn Monroe da aka saya da miliyoyin daloli, William Travilla ne ya zana ta, kuma kaɗan ne daga masu sha'awar hoton suka san shi.

Bhanu Athaiya na cikin 'yan ƙalilan da suka ga sakayya da idonsu. A 1983 ta zama mutum na farko daga Indiya da ya ci lambar Oscar, saboda suturar fim ɗin Gandhi, lambar da ta raba da John Mollo na Ingila. A 2012 ta mayar da kyautar ga hukumar da ta ba ta a Amurka domin a adana, saboda fargabar kada ta salwanta bayan ranta. Ta rasu a Mumbai a watan Oktoban 2020 tana da shekara 91.