Karen Gadi: Kuɗin Saye Ba Shi Ne Ƙarshen Lissafi Ba

JOS — A kasuwar Katako da ke Laranto, inda katako da hatsi na maƙudan kuɗi ke kwana a rumfuna, tsaron dare ɗawainiya ce da ba ta da makawa. Ɗan kasuwar da ke tunanin haɗa maigadinsa da kare ya kamata ya san cewa kuɗin saye somin taɓi ne kawai.

Irin karnukan da aka fi nema su ne Alsatian da Rottweiler na Jamus, da Boerboel na Afirka ta Kudu. Horonsu kuwa hawa-hawa ne. Da farko ana saba wa kwikwiyo da mutane da hayaniya. Daga nan sai biyayya: ya zauna, ya tsaya, ya dawo idan an kira shi. Koyon kamu da saki bisa umarni yakan biyo baya ne bayan ya kai kimanin shekara 1. Karen da aka ɗaure ana dukansa domin ya yi zafi ba ya bambanta ɓarawo da mai sayayya, kuma diyyar wanda ya ciza tana wuyan mai shi.

Bayan abinci da albashin mai kula da shi, akwai allurar rigakafin haukan kare daga wata 3, wadda ake maimaitawa duk shekara. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa wannan allura.

Don haka, sai an auna ɗawainiyar shekara da darajar hajar da ake tsarewa kafin a zuba jari.