Kunnen doki a wasan poker: yadda ake raba kuɗi idan hannaye suka zo ɗaya

Tun 1970 ake gudanar da gasar World Series of Poker a birnin Las Vegas na Amurka, kuma kuɗin shiga babban zagayenta dala 10,000 ne. Wasan ya ƙara bazuwa bayan 2003, lokacin da Chris Moneymaker ya samu gurbi ta intanet ya kuma lashe dala miliyan 2.5. Yau poker na cikin wayoyin matasa da ƴan ci-rani, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da ke haddasa gardama shi ne: wa zai kwashi kuɗi idan aka yi kunnen doki?

A salon Texas Hold'em kowa na riƙe da kati biyu a ɓoye, ana kuma baje biyar a tsakiya na kowa da kowa. Daga cikin bakwai ɗin nan, biyar mafi ƙarfi kawai ake ƙirgawa.

Misali: wani na da as da sarki, abokin karawarsa na da as da sarauniya, a tebur kuwa akwai as, 9, 7, 4 da 2. Dukansu na da as biyu, sai a duba kati na gaba. Sarki ya fi sarauniya, don haka na farko ya cinye.

Amma idan ɗaya na da as da 5, ɗayan as da 3, tebur kuma na ɗauke da as, sarki, sarauniya, 10 da 8, to raba daidai za a yi. Hannun kowannensu shi ne as biyu, sarki, sarauniya da 10. Shi 5 ɗin bai shiga lissafi ba, kuma nan ne sababbin shiga ke ganin an cuce su. Haka nan alamomin karta huɗu babu wadda ta fi wata wajen raba gardama. Idan kuɗin bai rabu daidai ba, ragowar takan tafi ga wanda ya fi kusa da hagun mai rabo.

Sai batun wanda ya zuba duk abin da ya mallaka. A ce yana da jika 10, sauran biyu kowa ya zuba jika 50. Za a ware tuli biyu: na farko jika 30 da su ukun ke nema, na biyu jika 80 na mutum biyun kaɗai. Ko da hannunsa ya fi na kowa, jika 30 zai ɗauka.

Sanin ƙa'ida na hana rigima, amma ba ya hana asara. Gidajen caca da shafukan intanet na cire kasonsu daga kuɗin da aka tara, ko da an tashi kunnen doki, don haka waɗanda suka raba na iya komawa da ƙasa da abin da suka zuba. Musulunci kuma ya haramta caca da kuɗi.