Launin da Ake Sa wa Abinci

Iyaye, ku duba harshen yaronku in ya dawo daga kasuwar Maiwurno ko ta Sinnar. In kun gan shi ja wur ko kore shar, ya sha dandurma ko alewa mai launi. Wannan launi ba daga itace ya fito ba. A masana'anta ake haɗa shi daga sinadaran man fetur. Ba ya gina jiki, ba ya ƙara daɗi. Ido kawai yake ja.

Akwai launin da hukuma ta yarda a sa wa abinci kaɗan. Za ku ga lambarsa a jikin fakiti, kamar E102, E110 ko E129. Amma ko shi ma da magana. A shekarar 2007 masu bincike a Southampton ta Ingila sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa yara wajen 300. Waɗansu da suka sha abin sha mai irin wannan launi sun ƙara ƙiriniya da rashin natsuwa. Tun 2010 ƙasashen Turai suke tilasta rubuta gargaɗi a kan launuka shida. E102 kuma yakan sa wa waɗansu mutane ƙaiƙayi da borin jini. Mai dandurma ba shi da ma'auni, da ido yake zubawa, yaro kuwa jikinsa ƙarami ne.

Wanda ya fi muni shi ne rinin da ba na ci ba. Akwai wani ja mai suna Sudan, na man takalmi da kakin zuma. 'Yan algus sukan zuba shi a garin shatta don ya yi kyau. Ana zarginsa da kawo ciwon daji. Gara ku sayi barkono busasshe ku daka da kanku.

Baƙin dutsen rini da mata suke haɗawa da lalle dafi ne mai kisa. Ku ɓoye shi nesa da yara da kwanon abinci. In wani ya haɗiye shi, wuya da harshe sukan kumbura, fitsari ya yi baƙi. Kada ku tsaya ba shi madara. Ku kai shi asibiti nan take, ko da dare ne.

In yara suna son abin sha mai launi, ga zoborodo, wato karkade, ga tsamiya da kuka. Ku haɗa da tafasasshen ruwa, ku rage sukari.