Masu Horar da 'Yan Mata Ƙwallo: Daga Ina Suke Fitowa, Me Jos Za Ta Koya?

In ana hirar tamaula a Jos, sunayen da ke saurin zuwa baki su ne Sam Garba Okoye da Segun Odegbami da Mikel Obi da Ahmed Musa. Ba kasafai ake tuna cewa kocin da ya fi kai ƙungiyar mata ta Najeriya nisa a gasar cin kofin duniya shi ma ɗan garin ba ne. Marigayi Isma'ila Mabo, wanda aka haifa a Jos a 1944 kuma ya rasu a watan Maris na 2023, shi ne ya kai Super Falcons zagayen kwata fainal a Amurka a 1999. Har zuwa gasar 2023 babu wata ƙasar Afirka da ta sake taka wannan matakin.

Tambayar da ta kamaci iyaye da malamai da hukumomin makarantu ita ce: irin waɗannan mutane daga ina suke fitowa, wane karatu suka yi, kuma me ke riƙe su a sana'ar? Idan aka bi tarihin waɗanda suka horar da Super Falcons, za a ga hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce ta tsohon ɗan wasa, kuma ita Mabo ya bi. Haƙar kuza ta tara jama'a daga ko'ina a tudun Filato, makarantu da ma'aikatu suka kafa ƙungiyoyi, yara suka tashi da ƙwallo a ƙafa. A cikin wannan yanayi Mabo ya zama mai tsaron baya, ya buga wa Mighty Jets ta Jos, ƙungiyar da ta ci gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972, ya kuma sa rigar Najeriya. Da ya rataye takalmi sai ya koma horarwa. A 1998 'yan matansa suka ci kofin Afirka a gida, suka doke Ghana da ci 2 da nema a wasan ƙarshe a Abeokuta, ba tare da an zura musu ƙwallo ko ɗaya a duk gasar ba.

Wasan da ya fi nuna ko wane ne shi an yi shi ne ranar 1 ga Yuli, 1999, kusa da birnin Washington. Kafin nan Amurka ta lallasa Najeriya da ci 7 da 1 a Chicago, amma ƙungiyar ba ta watse ba. Ta riga ta doke Koriya ta Arewa, sai ta doke Denmak ta fito daga rukuni. A karawa da Brazil, kafin a tafi hutun rabin lokaci an riga an zura wa Najeriya uku. Mabo ya fitar da mai tsaron gida Ann Chiejine ya sa Judith Chime. Bayan an dawo, Prisca Emeafu ta farke ɗaya, Nkiru Okosieme ta ƙara, Nkechi Egbe ta cike ta uku ana dab da tashi. An bai wa Patience Avre jan kati, aka shiga ƙarin lokaci Najeriya na da mutum goma, sannan Sissi ta Brazil ta buga bugun tazarar da ya raba gardama, aka tashi 4 da 3. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin fili ya san cewa dawo da ƙungiyar da aka ci uku ba aikin allo da alli kaɗai ba ne. Sai kocin da ya san halin kowace 'yar wasa, wanda kuma suka yarda da maganarsa. Mabo ya sake jagorantar su zuwa gasar Olamfik ta Sidni a 2000 da ta Atens a 2004, inda suka kai kwata fainal.

Ƙarfin wannan hanya shi ne sanin fili. Rauninta kuwa, ta dogara da sa'a: in ƙungiya ta talauce ko gwamnati ta sauya, koci ya koma zaman jiran tsammani.

Hanya ta biyu ta makaranta ce, kuma a Amurka ta fi kafuwa. A 1972 ƙasar ta kafa dokar da ake kira Title IX, wadda ta hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata. Sakamakon haka jami'o'i suka buɗe ƙungiyoyin mata, suka ware guraben karatu da tallafi ga 'yan wasa, suka ɗauki masu horarwa aiki na dindindin. Hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta fara gasar ƙwallon mata a 1982. Anson Dorrance ya riƙe ƙungiyar mata ta Jami'ar North Carolina daga 1979 har 2024, ya ci kofin NCAA sau 21, kuma shi ne ya ciwo wa Amurka kofin duniya na mata na farko a 1991. Shekara 45 a kujera ɗaya: wannan shi ne abin da albashi mai tabbas da fili mai kyau ke haifarwa.

Najeriya ta ɗanɗani wannan hanya sau biyu. Sam Okpodu ya tafi Amurka ya yi karatu yana buga wa Jami'ar North Carolina State ƙwallo, daga baya ya zama kocin farko na ƙungiyar mata ta Virginia Tech a 1993. Daga can aka ɗauko shi, ya ci kofin Afirka da Super Falcons a 2002, ya kai su gasar duniya ta 2003. Randy Waldrum kuwa, mutumin Texas, kusan duk rayuwarsa a jami'a ya yi ta: Tulsa, Baylor, sai Notre Dame inda ya ci kofin NCAA a 2004 da 2010. Lokacin da aka ba shi Super Falcons a 2020 bai ajiye aikinsa na Jami'ar Pittsburgh ba, abin da ya jawo masa surutu a gida. Duk da haka a gasar duniya ta 2023 ƙungiyarsa ta yi canjaras da Kanada, ta doke mai masaukin baƙi Ostireliya da ci 3 da 2, sai da bugun fenareti Ingila ta fitar da ita. A cikin tawagar akwai waɗanda jami'o'in Amurka suka raina, irin su Michelle Alozie da ta yi Yale da Tennessee, da Toni Payne ta Duke, da Ifeoma Onumonu ta Jami'ar Kalifoniya.

Filato ma tana da hannu a wannan tarihi. Tony Igwe da Andy Atuegbu, waɗanda suka tashi a nan, sun buga wa Jami'ar San Francisco a shekarun 1970, lokacin da ta ci kofin NCAA a 1975 da 1976. Igwe ya zauna a can ya zama koci a kwalejin Chabot da ke Kalifoniya. Wato gwanintar da tudun nan ya raina, wata makaranta ce a wata nahiya ta ba ta mazauni.

Aikin kocin jami'a ya wuce tsara 'yan wasa goma sha ɗaya. Shi ke yawon neman yara masu hazaƙa a makarantun sakandare, ya zauna da iyayensu, ya bi sakamakon jarrabawarsu, domin wadda makinta ya faɗi ƙasa da ƙa'ida ba ta da damar buga wasa. Yawanci ana neman ya kasance yana da digiri da takardar shaidar horarwa, kuma yakan faro ne daga mataimaki ya yi shekaru yana koyo.

Hanya ta uku ita ce ta matan da suka buga da ƙafarsu suka dawo suna koyarwa. Eucharia Uche ta ci kofin Afirka a matsayin koci a 2010 a Afirka ta Kudu. Florence Omagbemi, kyaftin ɗin Mabo a 1999, ta samu gurbin karatu a kwalejin Milligan da ke Tennessee tare da Mercy Akide. Ta dawo ta ciwo kofin a Kamaru a 2016. Ann Chiejine, wadda aka fitar a wasan Brazil, ta zama mataimakiyar koci a ƙungiyar ƙasa. Sai dai hanyar tana da ƙunci. 'Yan wasan Omagbemi sai da suka yi zaman dirshan a otal a Abuja kafin a biya su haƙƙinsu, ita kuma ba ta ci gaba da riƙe ƙungiyar ba duk da kofin da ta kawo. A duniya ma, cikin ƙasashe 32 da suka je gasar 2023, 12 ne kawai mace ke jagoranta.

Ba lalle sai an haye teku ba. Justine Madugu, wanda ya ciwo wa Najeriya kofin Afirka na goma a Rabat a Yulin 2025, bayan an ci ƙungiyarsa biyu ta farke ta doke Maroko 3 da 2, a ƙungiyoyin jihar Adamawa ya goge. Matakan a bayyane suke: akwai Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas, akwai takardun shaida na hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, daga matakin D zuwa C da B da A, akwai kuma sashen ilimin motsa jiki da lafiya a jami'o'i da kwalejojin ilimi.

To, a Jos wa ke horar da 'yan mata a yau? Sau da yawa malamin wasanni ne na sakandare, ko wani tsohon ɗan wasa da ke yi don sha'awa. Da sanyin asuba zai iso fili da ƙwallo biyu a buhu, ɗaya ma ta sace, ya jera duwatsu a madadin raga. Kafin yarinya ta zo atisaye sai ya taka har gidansu ya gaida mahaifinta, ya yi bayanin ƙarfe nawa za a tashi, wa zai rako ta, wace irin sutura za ta sa. Ranar wasa shi ne mai neman kuɗin mota, shi ne mai sayen ruwa, shi ne mai ɗaure targaɗe. Da ya samu wani aiki mai albashi, ƙungiyar ta mutu.

Abin da zai gyara wannan a hannunmu yake. Jihar tana da Jami'ar Jos, da jami'ar jiha a Bokkos, da kwalejin kimiyya da fasaha a Barkin Ladi, da manyan makarantun horar da malamai a Pankshin da Gindiri. Dukkansu suna da gasannin da za su shiga: NUGA ta jami'o'i, NIPOGA ta kwalejojin fasaha, NICEGA ta kwalejojin ilimi. Matsalar ita ce a tara ɗalibai mako biyu kafin gasa, a sallame su bayan an dawo. Idan kowace makaranta ta ɗauki koci na dindindin ga ƙungiyar mata, mai takardar shaida da albashi, ta haɗa shi da mataimakiya mace, za a samu wurin da tsofaffin 'yan wasa mata za su fara koyon sana'ar.

Kasancewar mace a cikin masu horarwa ba ado ba ne. Yarinya ba za ta iya gaya wa namiji cewa tana jinin al'ada ko wani ya takura mata ba, amma za ta gaya wa mace. Iyaye ma sun fi sakin jiki su bar 'yarsu ta yi tafiyar kwana idan akwai babbar mace a tawagar. Batun sutura kuwa dokar wasa ta riga ta warware shi: tun 2014 aka amince da rufe kai a fili, kuma Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar duniya ta 2023 da hijabinta. Akwai kuma ilimin lafiya. Mata sun fi maza yawan tsinkewar jijiyar cikin gwiwa, kuma akwai tsarin ɗumama jiki na kimanin minti 20 mai suna FIFA 11+ da ke rage raunuka. Kocin da bai je aji ba, da wuya ya san wannan.

Ga iyaye, kafin ku miƙa 'yarku ku tambayi koci takardarsa, ku san inda ake atisaye da lokacin tashi, ku tabbatar akwai mace a tare da su, ku kuma sa sharaɗin cewa karatu ba zai ja baya ba. Ku yi hattara da mai alkawarin kai yarinya ƙasar waje in an biya shi kuɗi. Gurbin karatu na gaskiya yana bin makin jarrabawa da takardu daga makarantar kanta. Ga 'yan wasa mata kuma, ku nemi takardar matakin farko tun kuna buga wasa, domin ƙafa tana gajiya kafin a ankara. Hukumomin makarantu su ne da babban nauyi: su sa albashin kocin mata a cikin kasafin shekara, kamar yadda suke sa na kowane malami.